MANTUWAR MAI JUNA BIYU: HUKUNCINTA A SHARI'A DA BAYANIN LIKITOCI

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa, Shi ne Sarkin da ba ya mantuwa, ba ya rafkana. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, karatunmu na wannan mako ya shafi wani al'amari wanda kusan babu gidan da bai taɓa ganinsa ba, amma ba safai ake zama a yi bayaninsa ba, watau yawan mantuwa da rafkanuwa da ke samun mace sa'ad da take da juna biyu. Mace ce da aka sani da natsuwa da kiyaye lissafi, amma da ciki ya tsufa sai ka ga ta zuba gishiri sau biyu a miya, ko ta ajiye mabuɗi ta rasa inda ta sa shi, ko kuwa ta tsaya tsakiyar sallar La'asar ba ta san raka'a ta uku take ciki ba ko ta huɗu. Daga nan sai maigida ya ce sakaci ne, uwar miji ta ce lalaci ne, abokiyar zama ta yi dariya, ita kuwa baiwar Allah ta shiga zullumi, tana tsammanin ko hankalinta ne ya fara taɓuwa, ko kuma sallolinta duk sun ɓaci. Sau da yawa ƙaramin abu irin wannan shi ne mafarin rikicin da ke kai aure ga mutuwa. Saboda haka ya kamata mu san abin da addini ya ce, mu kuma ji abin da masana lafiya suka gano.

MANTUWA GADON 'YAN ADAM CE

Da farko dai lalle ne mu gane cewa mantuwa ba ta mata kaɗai ba ce. A cikin Suratu Ɗaha, aya ta 115, Allah Maɗaukakin Sarki ya ba mu labarin cewa babanmu Annabi Adamu ya manta da alkawarin da aka yi da shi. A cikin Suratul Kahfi mun karanta yadda yaron Annabi Musa ya manta da zancen kifin da suka ɗauko guzuri, da kuma yadda shi kansa Annabi Musa ya nemi Halliru kada ya kama shi da laifin abin da ya manta. Shugaban halitta ma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa sallamewa bayan raka'a biyu a cikin salla mai raka'a huɗu, har wani sahabi da ake yi wa laƙabi da Zul-Yadaini ya tambaye shi ko an rage sallar ne. Buhari da Muslim duka sun ruwaito wannan daga Abu Huraira. A wata ruwayar ta Abdullahi ɗan Mas'udu, ya sanar da sahabbai cewa shi mutum ne mai mantuwa kamarsu, ya kuma umarce su da su tuna masa idan ya manta.

To, in har Annabawa sun yi mantuwa, ina dalilin da za a mai da ita abin gori ga macen da ke ɗauke da rai a cikin ranta? Allah da kansa ya yi shaidar nauyin da ke kanta. A Suratu Luƙman, aya ta 14, ya siffanta ɗaukar ciki da cewa rauni ne mai hauhawa, a Suratul Ahƙafi kuma, aya ta 15, ya ambaci wahalar ɗaukarsa da wahalar haihuwarsa. Malaman tafsiri sun yi bayani cewa raunin yana ƙaruwa ne gwargwadon girman abin da ke cikin. Za mu ga yadda binciken likitoci ya zo daidai da wannan.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

A shekarar 2018 waɗansu masana na Jami'ar Deakin da ke ƙasar Ostareliya suka tattara sakamakon bincike 20 da aka yi a wurare dabam-dabam, waɗanda suka ƙunshi mata masu ciki 709 da marasa ciki 521. Suka tarar cewa lalle akwai 'yar raguwa wajen riƙe abu a ka, da tattara hankali, da tsara ayyuka, kuma abin ya fi bayyana a watanni ukun ƙarshe. Amma sun ƙara da cewa raguwar kaɗan ce, ba ta fitar da mace daga sahun masu cikakken hankali, galibi ma ita kanta da na kusa da ita ne kawai ke lura da ita. Watau dai abin da matan ke faɗa gaskiya ne, ba shagwaɓa ba ce, kuma ba ciwon hauka ba ne.

Kafin wannan, a ƙarshen shekarar 2016, wata masaniya mai suna Elseline Hoekzema da abokan aikinta sun bayyana sakamakon wani bincike da suka yi a birnin Basalona na ƙasar Sifen. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata 25 kafin su ɗauki cikin fari, suka sake ɗauka bayan sun haihu. Suka ga waɗansu sassan ƙwaƙwalwar sun ɗan tsuke, musamman sassan da mutum ke amfani da su wajen fahimtar halin da wani yake ciki, kuma wannan sauyi yana nan har bayan shekara 2. Abin sha'awa shi ne, sassan da suka sauya su ne suka fi motsawa sa'ad da aka nuna wa uwa hoton jaririnta, kuma gwargwadon sauyin gwargwadon shaƙuwarta da shi. Masanan suka fassara wannan da cewa ƙwaƙwalwa tana gyara kanta ne domin sabon aikin da ke gabanta, kamar yadda manomi ke cire 'yan shukar da suka yi cunkoso domin sauran su yi ƙarfi. A shekarar 2024 kuma, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka bi mace guda suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarta har sau 26, tun kafin ta sami ciki har shekara 2 bayan haihuwa, suka ga yadda sauyin ke tafiya tare da hauhawar sinadaran da jiki ke samarwa domin riƙon ciki.

Mai hankali ya tsaya ya yi tunani a nan. Matar da ta manta inda ta ajiye ludayi, ita ce za ta farka cikin tsakar dare da ɗan motsin jinjiri, alhali maigida yana ta minshari. Ita ce za ta rarrabe kukan yunwa da kukan ciwo ba tare da kowa ya koya mata ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara halitta.

DALILAN DA MUKE IYA MAGANCEWA

Sai dai kuma ba dukan mantuwar mai ciki ce ke zuwa daga wannan sauyi na halitta ba. Akwai dalilan da ke ƙara ta, waɗanda ke hannunmu, kuma mutanen ƙasar Haɗeja da sauran mazauna bakin fadama ya kamata su fi kowa lura da su.

Na farko shi ne ƙarancin jini. Ruwan jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, ɗan tayi kuma yana jan rabonsa na sinadarin ƙarfe da ke gina jini, don haka in abinci bai wadata ba sai jinin ya tsinke. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 61 cikin 100 na mata masu ciki suna da ƙarancin jini. Alamominsa kuwa su ne kasala, da jiri, da haki, da bugun zuciya, da farin ido, da kwaɗayin cin farar ƙasa, da kuma rashin iya tattara hankali.

Na biyu shi ne zazzaɓin cizon sauro. Allah ya albarkaci ƙasar Haɗeja da kogi da fadamu, tun daga Auyo da Kafin Hausa har zuwa Kiri Kasamma da Guri da dausayin Baturiya, inda ake samun shinkafa da alkama da tattasai da kifi. Amma inda ruwa ya kwanta nan sauro ke hayayyafa, balle inda ciyawar kacala ta toshe magudanai. Zazzaɓin yana farfasa ƙwayoyin jini, mai ciki kuwa, musamman mai cikin fari, ta fi saurin kamuwa da shi, wani lokaci ma yana ɓoye a mahaifa ba tare da jiki ya yi zafi ba. Haka nan tsargiya, wadda ake ɗauka wajen wanka da wanki a ruwan da ba ya gudu, tana rage jini a hankali.

Na uku shi ne rashin barci da yawan aiki. Mai tsohon ciki ba ta samun barci mai nauyi saboda yawan fitsari da ciwon baya da motsin ɗa, ga zafin bazara. Duk da haka ita ce mai daka da tankaɗe da girki da wanki da renon yara, a lokacin girbin shinkafa kuwa aikin gida ninkuwa yake yi. Ƙato ma in ya kwana uku bai yi barcin kirki ba, sai ya manta sunan maƙwabcinsa.

Na huɗu shi ne damuwa. Waɗanda suka ga ambaliyar ruwan da ta auka wa ƙasar Haɗeja a 2020 da 2022 sun san yadda iyalai suka rasa gidaje da gonaki, aka koma zama a makarantu da kan tudu. Zuciyar da ke cike da tunanin abin da za a ci gobe ba ta da wurin ajiye ƙananan abubuwa.

HUKUNCIN RAFKANUWA A SALLA

Yanzu sai mu juya ga abin da ya fi damun mata masu tsoron Allah, watau ibada. Asalin hukunci shi ne babu zunubi a kan mai mantuwa. Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara ta koya mana roƙon kada a kama mu da abin da muka manta ko muka yi kuskure, kuma ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Allah ya amsa wannan roƙo. Hadisi na 39 cikin Arba'una na Imamun Nawawi shi ma ya nuna an yafe wa wannan al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta ta. Abin da ya rage shi ne sanin yadda ake gyara, kuma littattafan da muka tashi da su a makarantun zaure, kamar Ahalari da Ishmawi da Risala ta Ibnu Abi Zaidin mutumin Ƙairawan, sun yi bayaninsa filla-filla bisa mazhabar Imamu Malik. Ga kaɗan daga ciki:

1. Wadda ta rage sunnoni cikin mantuwa, kamar ta bar karatun sura bayan Fatiha, ko ta miƙe tsaye ba ta yi zaman tahiyar farko ba, sai ta yi sujada biyu kafin sallama. Wannan ita ce ƙabli.

2. Wadda ta yi ƙari, kamar ta ƙara raka'a, ko ta sallame bayan raka'a biyu sa'an nan ta tuna nan kusa ta cika, sai ta yi sujada biyu bayan sallama. Wannan ita ce ba'adi. In ragi da ƙari suka haɗu, ƙabli za ta yi.

3. Wadda ta tuna zaman tahiyar farko tun hannuwanta da gwiwoyinta ba su rabu da ƙasa ba, sai ta koma ta zauna, babu sujada a kanta.

4. Wadda ta bar farilla, kamar ruku'u ko sujada, sujadar rafkanuwa kaɗai ba ta isar mata, tilas ta kawo abin da ta bari. Wadda kuwa ta bar mustahabbi, kamar alƙunutu, babu kome a kanta.

5. Wadda ta yi kokwanto ko raka'a uku ta yi ko huɗu, sai ta yi gini a kan uku, ta kawo ɗaya, ta yi ba'adi.

6. Wadda ta manta da ba'adi, sai ta yi ta duk sa'ad da ta tuna, kome daɗewa. Wadda ta manta da ƙabli sai ta yi ta in ba a jima ba. In an jima, salla ba ta ɓaci ba, sai fa in abin da ta bari ya kai sunna uku, to, a nan sai ta sake.

7. Wadda ta manta da salla ɗungum, sai ta yi ta lokacin da ta tuna, ba ta da wata kaffara bayan wannan.

Akwai kuma wani sauƙi babba wanda mata da yawa ba su sani ba. Malamanmu sun ware hukunci na dabam ga wanda kokwanto ya aure shi, watau wanda yake zo masa kullum, ko da sau ɗaya ne a yini. Irin wannan ba ya gini a kan mafi ƙaranci. Zai kawar da kokwanton daga zuciyarsa, ya ɗauka sallarsa ta cika, ya yi ba'adi kawai. Haka nan a wajen alwala: a mazhabarmu kokwanton ko alwala ta karye yana wajabta sake ta, amma ban da wanda kokwanto ya zame masa jiki. Saboda haka mai cikin da ta ga kullum sai ta yi shakka, kada ta azabtar da kanta da maimaita salla sau uku sau huɗu, domin wannan ƙofa ce ta waswasi. In ta sami dama ta bi mijinta ko ɗanta baligi salla, to, liman yana ɗauke wa mamu rafkanuwarsa matuƙar ba farilla ya bari ba. In tsayuwa ta gagare ta kuma, ta yi salla a zaune, kamar yadda Annabi ya yi wa Imrana ɗan Husaini izini.

AZUMI DA HAƘƘIN MUTANE

Wadda ta ci ko ta sha da mantuwa a cikin Ramadan, sai ta kame bakinta har faɗuwar rana. A mazhabar Malik za ta rama yinin ba tare da kaffara ba, sauran mazhabobi uku kuwa suna ganin azuminta ya inganta, babu ramuwa. Amma tun farko mai cikin da ke jin tsoron cutuwa ga kanta ko ga abin da ke cikinta an yarda mata ta sha, ta rama daga baya, kuma bisa mashahurin zance a mazhabarmu babu ciyarwa a kanta. Mai ƙarancin jini da ke fama da jiri, ta nemi shawarar ma'aikatan lafiya, kada ta ce sai ta yi gasa da kowa.

Sai dai a lura, mantuwa tana ɗauke zunubi, amma ba ta ɗauke haƙƙin mutane. Matan Haɗeja da kewaye masu sana'a ne, da mai sayar da bandar kifi, da mai gyaran shinkafa, da mai ƙuli-ƙuli, da uwar adashi. Bashin da aka manta yana nan bashi, ajiyar da aka manta tana nan amana. Maganin wannan kuwa Alƙur'ani ya riga ya ba da shi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce aya mafi tsawo, inda aka umarci muminai da rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. To, a rubuta, da ajami ko da boko, wadda ba ta iya ba ta sa ɗanta ɗan makaranta ya rubuta mata. Haka kuma ranar komawa awo da lokacin shan magani.

INDA MANTUWA TA ZAMA ALAMAR HATSARI

Jama'a, a nan ne muke roƙon a buɗe kunne. Mantuwar da muke magana a kanta mai sauƙi ce, tana zuwa a hankali, mai ita tana sane da kanta da mutanenta. Amma in mai ciki, musamman daga wata na biyar zuwa sama ko a kwanakin jego, ta kamu da matsanancin ciwon kai, ko ganinta ya dushe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko ta rikice tana sambatu ba ta gane mutane, ko ta fara jijjiga, to, wannan wani abu ne dabam. Alamun hawan jinin masu ciki ne, ko zazzaɓin da ya hau ka, kuma suna kashe uwa da ɗa cikin sa'o'i kaɗan. Jijjiga tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a ƙasar Hausa, alhali kuwa tana da allurar da ke tsayar da ita a asibiti. Sau da yawa akan ce iska ce ta buge ta, a tsaya hayaƙi da turare har lokaci ya ƙure. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar zuwa Babban Asibitin Haɗeja ko asibitin da ya fi kusa. Mazauna ƙauyukan da ruwa ke yanke wa hanya da damina, su tanadi kuɗin mota da mai kwalekwalen da za a kira tun kafin watan haihuwa ya kama. Haka nan wadda baƙin ciki ya rufe ta, ba ta ci, ba ta barci, tana yawan kuka, ita ma magani take bukata.

NASIHA GA MAZA DA DANGI

A Suratuɗ Ɗalaƙi, aya ta 6, Allah ya wajabta ciyar da mai cikin da aka saka har ta haihu. In wannan shi ne haƙƙin wadda aka rabu da ita, yaya ke nan haƙƙin wadda ke cikin ɗakinta? Ya kai maigida, kai da ke kai kifi da wake da ƙwai kasuwa, ka fara ajiye na gida. A haɗa mata da zogale da rama da alayyafo da ɗan nama gwargwadon hali, a rage ba ta shayi a kan abinci, domin yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe. Ka bar ta ta je awo da wuri, kada kunyar cikin fari ta sa a ɓoye har ya tsufa. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 kafin haihuwa. A can ne za a auna jininta, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini na kullum, da maganin rigakafin zazzaɓi wanda ake farawa bayan wata uku na farko, a sha aƙalla sau 3, wata guda tsakani. Ta riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani, kada a mai da shi komar kamun kifi ko shingen lambu. Rigakafi dai ya fi magani.

Uwar muminai A'isha ta ba da labarin cewa Annabi yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Ba abin kunya ba ne namiji ya ɗebo ruwa, ko ya ɗauke yara domin matarsa ta sami ƙailula. Ku kuma iyayen miji da abokan zama, ku tuna aya ta 11 ta Suratul Hujurati, wadda ta ambaci mata da kansu ta hana su yi wa junansu izgili. Wadda ta manta a tuna mata da taushin murya, domin kowace uwa ta bi ta wannan hanya.

Daga ƙarshe, hukunce-hukuncen nan da muka lissafa ba su da amfani in sun tsaya a zauren maza. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimi ya isa ga matan ƙauye. Saboda haka duk wanda ya karanta wannan fili, ya shiga gida ya karanta wa iyalinsa, malaman Islamiyyar matan aure kuma su ba babin rafkanuwa muhimmanci. Abin da ya shige duhu a tambayi malamai, abin da ya shafi jiki a tambayi likita.

Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya raya abin da suka haifa bisa tafarkin Musulunci, ya gafarta mana abin da muka manta da abin da muka yi kuskure, ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna. Allah shi ne mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.